Wane Linux ya dace da tsofaffin kwamfutocin makaranta, mara nauyi kuma wanda ba ya shan data a ɓoye?

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta, Mabera

Assalamu alaikum. Masana, ina neman shawararku a kan ɗakin kwamfutar wata makarantar Islamiyya da boko da ke nan Sakkwato. Kwamfutoci goma sha biyu ne, dukkansu na gwanjo. Takwas laftof ne masu Core i3 da i5 na ƙarni na biyu da na uku, kowace da RAM 4GB. Huɗu na tebur ne masu Core 2 Duo da RAM 2GB. Faifan ajiyarsu duk irin na da ne, mai juyawa. Windows 10 ne a kansu, ga shi an daina aiko masa da gyaran tsaro tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa ba zai hau su ba, babu TPM 2.0, furosesar ma ta tsufa.

An gwada ɗora wani Linux a kan guda biyu, amma nauyinsa bai bambanta da wanda muke gudu ba. A kunna a yi ta jira, fanka na ta ƙugi, data kuma na tafiya alhali babu wanda ya buɗe komai. Buƙatarmu ba ta da yawa: yara su koyi bugun rubutu, su iya manhajar rubuta takarda da ta lissafi, su yi atisayen jarrabawar JAMB, malamai kuma su tsara tambayoyin jarrabawa da Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, da Larabci, a fitar a firintarmu HP LaserJet 1020. Wutarmu sola ce da inbata, intanet kuma daga wayar salula muke jonawa.

Wane Linux ne mara nauyi, wanda ba zai riƙa sauke abu ko sauya kansa ba sai da izininmu, kuma malami ɗaya zai iya kula da shi? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Arkilla

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a kai ga sunan Linux, a fara duba abin da ke cikin akwatin, domin kaso mai yawa na nauyin nan daga ƙarfen yake. Faifai mai juyawa na laftof yawanci zagaye 5,400 yake yi a minti ɗaya. Da zarar RAM ta cika, kwamfuta sai ta koma ajiye abin da ya yi mata yawa a kan wannan faifan, a nan ne take daskarewa. SSD (faifan ajiya mara juyawa, mai sauri) na SATA mai inci 2.5, ko da 120GB ne, ya wadatar da ku, tunda tsarin gaba ɗaya da manhajojin ofis bai kai 10GB ba. In kuɗin bai kai a saya wa duka ba, a fara da masu RAM 2GB, su ne suka fi jigata. Faifan da za a bari kuma a duba lafiyarsa: a ɗora smartmontools, a buɗe tagar rubuta umarni (terminal) a buga `sudo smartctl -a /dev/sda`, a dubi layin Reallocated_Sector_Ct da na Current_Pending_Sector. In adadin da ke ƙarshen layin ya wuce sifili kuma yana hawa, kada ku ɓata lokacinku a kan wannan faifan.

Na teburin nan huɗu, in allonsu na ciki (motherboard) na ɗauka, a kai su 4GB. `sudo dmidecode -t memory` zai nuna maka irin RAM ɗin da ramukan da suka rage. Yawancin Core 2 Duo DDR2 suke ci, laftof ɗinku kuma DDR3, ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, saboda haka ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka.

Shawarata ita ce Debian, reshen da suke kira stable, da fuskar Xfce, wato tsarin tagogi da maɓallan da ake gani a allo. Ga dalili. Debian tun 1993 yake, ba mallakin wani kamfani ba ne, masu sa kai ne ke tafiyar da shi. A reshen stable, manhajar da ka ɗora yau ita ce za ka tarar baɗi, gyaran tsaro da na manyan kurakurai kawai ake aiko mata, ba za ka wayi gari ka ga an sauya wa yara wurin maɓallan da ka koya musu jiya ba. Debian 13 ya fito a watan Agusta 2025, kuma da tallafin dogon zango zai kai 2030. Xfce kuwa in an kunna ba a buɗe komai ba, abin da take riƙewa bai fi rabin gigabait da 'yan kai ba, GNOME, wata fuskar daban, kan kai gigabait guda ko fiye. A kwamfuta mai 2GB wannan tazarar ita ce komai. Ka buga `free -h` a kan biyun da aka ɗora muku, za ka gani da idonka.

Wajen ɗorawa, ka sauke hoton DVD-1, kusan 4GB ne, amma sau ɗaya za ka sauke kuma yana girkuwa ba tare da intanet ba. Ƙaramin hoton netinst kowace kwamfuta sai ta jawo sauran kayan daga intanet, bai dace da ku ba. Ka tabbatar da `sha256sum` ɗinsa ya yi daidai da na shafin Debian, saboda hoton da ya yanke a hanya yakan kai tsakiyar girki sannan ya tsaya. Ka zuba shi a filashi mai 8GB da Rufus ko Ventoy. Wurare biyu ne mutane ke tuntuɓe. Na farko, inda aka tambayi kalmar sirrin root, wato babban asusun da ke da iko da komai: in ka bar wurin fanko, asusun farko da ka buɗe shi ne zai samu ikon sudo, wato ikon ba da umarni a matsayin mai kula da tsarin, kuma hakan ya fi sauƙi. In ka cike, sudo ba zai yi maka aiki ba sai ka ƙara kanka da hannu. Na biyu, allon zaɓen manhajoji: GNOME na zuwa da alama a kansa, ka cire, ka sa wa Xfce, ka bar standard system utilities. Bayan an gama, ka buɗe `/etc/apt/sources.list`, ka sa # a gaban layin da ya fara da `deb cdrom:`, ka ƙara layukan deb.debian.org da security.debian.org. In ba haka ba, duk lokacin da ka nemi ɗora wani abu zai ce ka saka masa faifan DVD.

Za ka ji wasu na cewa a girka tsarin tsirara sannan a riƙa ƙara komai da `--no-install-recommends`. Yana rage nauyi ƙwarai, amma ban ba wanda bai goge ba wannan shawarar. Abin da ke biyo baya shi ne a soka filashi ya ƙi bayyana saboda babu gvfs da udisks2, ko sauti ya ɓace, a kwana ana nema. Gara a ɗora Xfce cikakkiya, a rage abin da ba a so. Kuma duk lokacin da apt, manhajar ɗorawa da cire manhajoji, ya jero abin da zai cire, ka karanta jerin kafin ka danna Y, musamman a `apt autoremove`.

Sai zram, wanda ke matse wani ɓangare na RAM ya zama wurin juye kaya maimakon faifai. `sudo apt install zram-tools`, ka buɗe `/etc/default/zramswap`, ka sa PERCENT=50. A i3 da i5 ka sa ALGO=zstd, a Core 2 Duo kuma lz4, don ya fi sauƙi ga tsohuwar furosesa. `swapon --show` zai tabbatar maka ya tashi.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne gaskiyar da ba a cika faɗa ba: burauza ta fi tsarin gaba ɗaya ci. Shafuka biyar na zamani sun isa su cinye abin da Xfce ta tanada maka. Ka bar Firefox ESR da ke zuwa da Debian, ka ƙara `webext-ublock-origin-firefox` don toshe tallace-tallace, ka hana bidiyo kunna kansa a saitin burauzar, YouTube kuma a tsaya a 480p.

Malama 'Yar Minanata

Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Malam ya ce malami ɗaya ne zai kula da ɗakin, kuma ba mu san ko ya saba da baƙar tagar rubuta umarni ba. Ga laftof takwas masu 4GB, Linux Mint mai Xfce ma zaɓi ne na mutunci. Mint 22 na da tallafi har 2029, yana da taga ta neman direban Wi-Fi, da ta sabuntawa wadda ke nuna maka jerin abin da ya zo ta jira ka danna, da Timeshift na mayar da tsarin yadda yake jiya in wani abu ya lalace. Ya fi Debian nauyi kaɗan, su da kansu sun ce 2GB ne mafi ƙaranci, 4GB ya fi daɗin aiki. Sauƙi ai ba a RAM kaɗai ake auna shi ba, har da wanda zai zauna gaban na'urar ranar da ta ƙi. Amma na yarda cewa iri ɗaya a duka sha biyun ya fi a raba, in kuwa haka ne Debian ɗin ya fi dacewa da masu 2GB.

Batun datar da ke tafiya, kada a yi zato, a kama ɓarawon. `sudo nethogs` na nuna manhajar da ke jan data a wannan lokacin, vnstat kuma na tara lissafin kowace rana. Abin da aka fi samu shi ne snap, wata hanyar ɗora manhajoji, wanda a tsarinsa na asali yake leƙa sabuntawa sau huɗu a rana ya sauke da kansa. A Ubuntu tun 22.04 Firefox ma ta snap take zuwa, ko da apt ka kira ta, kuma rumbun snap ɗin kamfanin Canonical ne kaɗai ke riƙe da shi. Wannan ne ya sa Mint ta toshe shi tun fitowar Mint 20 a 2020. Wanda ke da shi zai iya tsayar da shi da `sudo snap refresh --hold`. Flatpak ma, wata hanyar irin wannan, a yi hattara: manhaja ƙarama kan jawo ginshiƙin da take zaune a kai, ɗaruruwan megabait. Ban da atisayen JAMB, duk abin da kuka lissafa yana cikin rumbun apt, ba ku da buƙatar ko ɗaya daga cikin biyun.

Haruffan Hausa, hanyar da ba ta taɓa jerin maɓallan da yara suka saba ita ce maɓallin Compose, wanda ke haɗa dannawa biyu su fitar da harafi ɗaya. A saitin allon rubutu na Xfce ka zaɓi Alt na dama ya zama Compose, sannan ka buɗe fayil mai suna `.XCompose` a gidan mai amfani ka rubuta:

`include "%L"`
`<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"`
`<Multi_key> <d> <d> : "ɗ"`
`<Multi_key> <b> <b> : "ɓ"`
`<Multi_key> <K> <K> : "Ƙ"`

Haka za ka yi wa Ɗ da Ɓ. A fita daga asusun a sake shiga, daga nan Alt na dama, k, k, sai ƙ ta fito. Ka ajiye kwafin fayil ɗin a `/etc/skel` don duk sabon asusu ya gaje shi. In harafin ya fito kamar akwati, matsalar salon rubutu ce, ka ɗora fonts-sil-charis ko fonts-sil-andika.

Larabci kuma a ƙara jerin `ara` a wannan saitin, a ɗora fonts-hosny-amiri. Masu ajami akwai fonts-sil-alkalami, wanda aka zana bisa rubutun hannu irin na ƙasar Hausa, da fonts-sil-harmattan. A LibreOffice sai an kunna tallafin rubutu mai sarƙaƙiya a saitin harsuna, sannan Ctrl+Shift+D ya juya sakin layi daga dama zuwa hagu.

Takardun Word da ke wargajewa in an buɗe su, yawanci rashin Calibri da Cambria ne. fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea faɗinsu ɗaya da waɗancan, fonts-liberation kuma na tsaya wa Times New Roman da Arial. Takardar jarrabawa in za a kai ta shagon bugawa, a fitar da ita PDF, haruffan na tafiya a cikinta. Yara kuma ga Klavaro na koyon bugu, ga GCompris ga 'yan firamare.

Baban Gyara, Runjin Sambo

Malam, duk abin da sunka hwaɗi gaskiya na, amma ku tuna garin da muke. Daga Maris zuwa Mayu zafi shina wuce digiri 40, hunturu kuma ƙura ta cika fanka. Furosesa in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai a ɗora wa manhaja laifi. Ka sa lm-sensors ka buga `sensors`. In kwamfuta na zaune ba ta aikin komi kuma tana wajen 70, buɗe ta. A hure ƙurar da ke tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya, a riƙe fankar da yatsa lokacin hurawa kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta, a goge tsohon man furosesa da ya bushe a ɗiga sabo kwatankwacin ƙwayar dawa. Kada a aza laftof bisa tabarma ko darduma, iska ta ƙasa take shiga.

Sai ɗan batirin nan CR2032 da ke kan allon ciki na kwamfutar tebur. In ya mutu, kwanan wata shina komawa baya duk sadda anka kashe wuta. Alamarsa, burauza ta ce shafi ba shi da aminci, apt kuma ya ce fayil ɗin Release bai kai lokacinsa ba. Mutane da yawa kan sake girki saboda wanga abu, alhali batiri ɗaya ya kashe magana.

In wuta ta yanke ana tsakar aiki, wata rana za ka kunna ka ga baƙin allo da kalmar initramfs. Kada hankalinka ya tashi. Saman allon zai hwaɗi sashen da ya samu matsala, ka buga `fsck -y /dev/sda2` ko wanda ya ambata, in ya ƙare ka buga `exit`. Laftof masu rai a batiri, ka sa saitin wuta na Xfce ya kashe su da kansa in caji ya sauka zuwa kashi 10. Kuma don inbata, na tebur ɗaya da allonta na jan abin da laftof biyu ko uku ke ja, in rana ta yi sanyi su za a fara kashewa.

Mai Kula da Ɗakin Kwamfuta, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Za mu tafi a kan Debian da Xfce a duka. Saura uku. Ta yaya za a sabunta sha biyu ba tare da an sauke abu ɗaya sau goma sha biyu ba? Akwai kuma wasu ƙananan laftof biyu a sito masu Atom N270 da RAM 1GB, ko suna da sauran amfani? Sannan wani ya ce mini in guji duk Linux mai systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan tsarin in an kunna, wai shi ne tushen nauyi. Baba, Injiniya, me kuka gani?

Injiniyan Arkilla

Tun daga girki za ka fara tsimi. Ka shirya kwamfuta ɗaya tsaf, da haruffa da zram da manhajoji da asusun ɗalibai, sannan ka ɗauki hotonta, wato cikakken kwafin faifanta, da manhajar Clonezilla zuwa faifan waje, ka juye a sauran. Sharuɗɗa biyu: faifan da za a juye wa kada ya gaza na asali girma, don haka ka shirya ta farko a kan mafi ƙanƙanta. Kuma wadda aka girka ta hanyar UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta, ba za ta tashi a mai tsohon tsarin BIOS ba. Core 2 Duo ɗinku BIOS ne, saboda haka ko dai ka sa laftof ɗin duka a Legacy, wato tsarin BIOS, ko ka yi hoto biyu. Bayan juyewa kowace ka ba ta sunanta da `sudo hostnamectl set-hostname daki-03`, ka gyara sunan a `/etc/hosts` ma, in ba haka ba sudo zai riƙa ƙorafin bai gane sunan na'urar ba.

Sabuntawa hanya biyu ce. In kuna da rauta da ta haɗa ɗakin, ka ɗora apt-cacher-ng a kwamfutar malami, ka ba ta adireshi tsayayye, a sauran kuma ka buɗe `/etc/apt/apt.conf.d/02proxy` ka rubuta `Acquire::http::Proxy "http://192.168.1.10:3142";` da adireshin naku. Ta farko da ta nemi ƙunshin manhaja ita ce ke jawo shi daga intanet, sauran daga ɗakin za su ɗauka. Layukan sources.list su kasance http, domin abin da ya bi ta https ba ya ajiyuwa a wurinsa. Babu haɗari a nan, kowane ƙunshi apt na tantance shi da sa hannun Debian. In kwamfutar malami na kashe, apt zai ƙi aiki a sauran, ka san da wannan.

In babu rauta, filashi ya isa. A ta farko ka yi `sudo apt-get update` da `sudo apt-get upgrade`. Da gangan na ce apt-get, domin shi yana barin fayilolin .deb a `/var/cache/apt/archives`, apt kuwa share su yake bayan ya gama. Ka kwashe su ka zuba a wannan wurin a kowace kwamfuta, ka jona ta da waya ta yi update, wanda 'yan megabait ne, upgrade kuma zai tarar da kayan a gida.

Debian mai Xfce ba ya girka sabuntawa da kansa sai in ka ɗora unattended-upgrades ka kunna. `systemctl list-timers` zai nuna maka duk abin da aka tsara ya tashi da kansa da lokacinsa. Amma Malam, riƙe linzami a hannunka na nufin nauyin ya dawo wuyanka. Ka tsayar da rana ɗaya a mako, ko Alhamis bayan an tashi, ka yi sabuntawar da datar dare in ta fi araha. Burauzar da ta yi wata shida ba gyara ta koma gidan jiya, daidai da Windows 10 ɗin da kuka baro.

Asusun ɗalibai kada ya shiga rukunin sudo, `sudo adduser dalibi` kawai. Yara za su goge sandar ƙasa, su sauya hoton bango, wannan ba makawa. Ka ajiye kwafin gidan mai tsabta da `sudo rsync -a /home/dalibi/ /srv/tsabta/`, ranar da aka hargitsa kuma, bayan ɗalibin ya fita daga asusun, `sudo rsync -a --delete /srv/tsabta/ /home/dalibi/`. Ka lura da karkatacciyar sandar da ke ƙarshen kowane suna, kuma ka sani `--delete` zai share har aikin da yaro ya ajiye a wurin. A ware musu wata jaka a wajen gidan don ajiya.

Atom N270 32-bit ce zalla, `lscpu` zai tabbatar maka. Debian 13 ya daina fitar da hoton girki na 32-bit, Mint da Lubuntu ma sun daɗe da bari. Abin da ya rage musu shi ne Debian 12, mai tallafi har tsakiyar 2028, ko antiX, wanda aka gina a kan Debian da fuska mara nauyi mai suna IceWM, yana tashi da abin da bai kai 300MB ba. Za su yi koyon bugu da Klavaro da rubutu a AbiWord lafiya lau. Intanet na yau kam ya fi ƙarfin 1GB, kada ka sa rai. Za ka iya zuba musu Wikipedia ta Hausa ta hanyar manhajar Kiwix in ka samu wadda ta hau, a karanta ba data.

Zancen systemd kuwa tsohuwar muhawara ce. Debian ya koma kansa a Debian 8 cikin 2015, waɗanda ba su yarda ba suka ware suka yi Devuan, antiX ma ba ya amfani da shi. Hujjarsu ita ce abu ɗaya ya tattara ayyuka da yawa a hannunsa, kuma hujja ce da ake saurara. Amma ta fuskar RAM, abin da yake ci bai kai shafi ɗaya na burauza ba. Ga mai koyo, kusan duk bayanin da zai samu a intanet da systemctl aka rubuta shi. Ka zauna a kansa, ka yi amfani da shi wajen rage kaya: `systemd-analyze blame` na jero abin da ke jinkirta tashi, `sudo systemctl disable --now bluetooth ModemManager` kuma na kashe biyun da ɗakinku bai buƙata, muddin ba da modem na USB kuke shiga intanet ba. Ɗaya-ɗaya za ka riƙa kashewa kana rubutawa a littafi, don in wani abu ya tsaya ka san inda za ka koma.

Malama 'Yar Minanata

Kada a manta da firinta da JAMB, su ne za su iya mayar da aikin baya.

LaserJet 1020 ba ta riƙe manhajar cikinta, duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta tura mata. Shi ya sa za ka ga Linux ya gane ta, ka aika takarda, ya ce an buga, ita kuwa shiru. Ka ɗora hplip, ka jona intanet sau ɗaya ka buga `hp-plugin -i`, ko ka bi ta printer-driver-foo2zjs da `sudo getweb 1020`. Bayan nan ka kashe firintar ka kunna, in ka ji ta yi ƙugi sau biyu, ta karɓa. A kwamfutar malami kaɗai za ka yi wannan, sannan `sudo cupsctl --share-printers` ya raba ta ga sauran in suna kan rauta ɗaya. Don haka kada a kashe cups da avahi-daemon cikin abubuwan da ake ragewa, da su ne sauran ke ganin firintar.

Manhajojin atisayen JAMB da ake sayarwa yawancinsu .exe ne na Windows. Waɗanda ke buɗewa a burauza ba su da matsala. Na .exe kuwa a gwada su da Wine, mai tafiyar da manhajojin Windows a Linux, a kwamfuta ɗaya tun kafin a goge sauran: `sudo dpkg --add-architecture i386`, sai `sudo apt update`, sai a ɗora wine da wine32, domin da yawansu 32-bit ne. Wasu za su tashi, wasu za su tsaya a wurin shigar da lambar rajista saboda suna ɗaure kansu da na'urar. In naku ya ƙi, ku bar Windows 10 a laftof biyu ko uku don wannan aikin kaɗai, a cire su daga intanet bayan an yi rajistar, kada kuma a riƙa soka musu filashin kowa.

Wi-Fi ma a gwada kafin a ɗauki hoton Clonezilla. Tun Debian 12 hoton girki na zuwa da manhajar katunan Intel da Realtek da Atheros, amma wasu na Broadcom sai an nemo. `lspci | grep -i net` zai faɗi wanda ke ciki. In Broadcom ne, ka jona waya da kebul na USB ka kunna raba intanet ta kebul, ka ƙara sassan rumbun Debian masu suna contrib da non-free a sources.list, ka ɗora firmware-b43-installer ko broadcom-sta-dkms gwargwadon lambar katin. Kada ka ɗora biyun tare, karo suke yi da juna.